Rakiya a Kwazazzabo

A garinmu mutum ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili. Ko gona za shi, ko kasuwa, ko jana'iza, ko kuwa ya taka wa baƙonsa. Shi ya sa ranar da na fara kai Turawa kwazazzabon nan na yammacin Qatar, na ga sun sauka daga mota mai kujeru masu laushi, sun goya jakunkuna, kowa ya riƙe sanduna bibbiyu kamar mai ciwon ƙafa, sun nausa cikin duwatsu, sai na ce a raina lallai ƙoshi ma ciwo ne. Babu gona a ciki, babu kasuwa, babu wanda ya mutu. Na kwantar da kujera na sha barcina, har suka dawo fuska jajur, suna haki suna murna, na tashi na buɗe musu ƙofa.

Ni direba ne a wani ɗan kamfanin yawon buɗe ido a Doha. Mai kamfanin shi ne kafil ɗina, wato wanda ya kawo ni ƙasar kuma takarduna suke ƙarƙashin sunansa. A bayan gidansa da ke unguwar Madinat Khalifa nake kwana, cikin wani ɗaki da ke manne da garejin motoci. Ɗakin ba shi da laifi, kada in ɗauki alhaki. Akwai gado, akwai esi mai sanyaya ɗaki, akwai taga mai kallon katanga. Abin da babu shi ne wanda zai tambaye ka ko ka tashi lafiya.

Kwazazzabon kuwa sai an yi tafiya mai nisa daga birni, an bar kwalta, an shiga wani daji da hukuma ta keɓe saboda barewa. Na ce daji ne don ba ni da wata kalma, amma babu itace sai 'yan ƙayoyin da ba su kai gwiwa ba. Duwatsun farare ne, iska ta cinye gindinsu ta bar kawunan, sai ka ga kamar rumbuna aka jera aka manta da su. Tsakanin manya biyu akwai hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, wani wurin da faɗi, wani wurin sai mutum ɗaya-ɗaya, har ta ɓulle ta wancan gefen kusa da teku. Wani lokaci baƙina sukan ce in zagaya da mota in jira su a can bakin, saboda haka na san ƙofofin nan biyu sarai, cikin ne ban taɓa sani ba. Da zafi ko ƙadangare ba ya leƙa wurin. Sai sanyi ya shigo ake tururuwa.

Abokina ɗaya tilo a ƙasar nan wani dattijo ne daga zangon Kumasi, mai gadin wani sito a Sanaiya, unguwar garejoji da masana'antu da gidajen leburori. A masallaci na tsince shi wata Juma'a. An sallame, ana turereniya wajen takalma, sai na ji wani a bayana yana cewa, "Kai, wane ɗan albarka ne ya tattake mini takalmi haka?" Na yi watanni ban ji Hausa ba sai ta waya. Na juya da sauri kamar an kira sunana, na ce, "Ni ne, Baba, ka yi haƙuri." Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ɗan Najeriya, ba kai ba ne, na ga wanda ya taka. Amma zo mu je mu ci abinci."

Tun daga ranar nake ce masa Baba, shi kuma yana ce mini ɗan Najeriya, kamar ni kaɗai ƙasar ta haifa. Duk Juma'a sai in hau bas in same shi, mu yi salla, mu wuce kasuwar Asian Town mu ci shinkafar Indiyawa muna kushe ta, shi yana begen tuwon zafin matarsa, ni ina begen miyar kukar gyatumata. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma bakinsa na saurayi ne. Ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

Abin da ya fi mini abincin daɗi shi ne rakiya. Daga ƙofar gidan da kamfaninsu ya ajiye su zuwa inda nake shiga bas ba wani nisa ba ne. In na miƙe zan tafi sai ya laluɓi hularsa ya ce, "Mu je in taka maka." In muka isa tasha sai in ce ai ba zan bar dattijo ya koma shi kaɗai ba, mu juyo. A bakin ƙofa kuma sai ya tuna wani labari, ya ce mu je ya ƙarasa mini a hanya. Bas ta zo ta wuce muna kallo. Akwai wani mai shayi ɗan Nepal a tsakanin, da ya gaji da ganin giftawarmu har ya tambaye mu wata rana ko wani abu muka yar. Sai rana ta yi ja, a zagayen ƙarshe, nake tsayawa gindin wani turken lantarki in ce, "Baba, koma haka nan, na gode." Shi kuma ya ce, "To, ka gaida gida." Ya san babu wanda zan gaisar a ɗakin nan sai katanga, amma bai taɓa fasa faɗa ba. Kuma ba ya juyawa nan take. In na waiwaya daga tagar bas zan hango shi tsaye a wurin, hannu a baya.

Da korona ta shigo, Sanaiya aka fara rufewa. Aka jera shingaye na siminti, aka sa 'yan sanda, na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga. Baba yana ciki, ni ina waje. Aikinmu ya tsaya cik, don babu baƙo ko ɗaya a ƙasar. Aka rufe masallatai, ladan in ya kira salla ya riƙa ƙarawa da cewa kowa ya yi salla a gidansa. Mai dafa abincin gidan kafil yakan ajiye mini kwano a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, kafin in buɗe ya ɓace. Sai in wuni ban furta kalma ba in ba a cikin salla ba. Wata rana na buɗe baki zan amsa waya, muryata ta fito a shaƙe, har na tsorata na zaci cutar ce. Rashin magana ne kawai. Na san kewa a da, amma a watannin nan ne na san kaɗaici, irin wanda yake sa mutum ya tsani ƙarar cokalinsa.

Waya ce ta riƙe mu. Su Baba suna da yawa a ɗaki, ga tari ta ko'ina, ga tsoro, sai ya fita ya zauna a matattakalar bene ya kira ni. Labarinmu ya ƙare kaf, don wanda bai je ko'ina ba ba shi da sabon zance. Ran nan ya ce, "Ɗan Najeriya, kai da kake yawo da Turawa, ba ni labarin wani wuri mai faɗi. Na gaji da bango." Sai na ba shi labarin kwazazzabo. Washegari ya ce in sake. Na sake, na ƙara gishiri. Kafin mako ya zagayo duwatsun sun yi tsawon da sai hula ta faɗi in za ka ga ƙarshensu, barewa suna zuwa su shinshina hannun mutum, tekun da ke ƙarshe kuwa shuɗi kamar an rina. Ban gaya masa cewa a mota nake barci ba.

Ya ce, "In Allah ya fitar da mu, can za ka kai ni."

Na ce, "Da sanyi, Baba. Da zafi ba a zuwa."

Ya ce, "To da sanyi. Na riƙe ka."

Bayan haka wayarsa ta yi shiru na kwanaki. Na kira har na gaji, na rasa wanda zan tambaya, don ban san lambar kowa a gidansu ba. Da ya sake kira, daga wurin killace marasa lafiya ne, yana magana yana tsayawa a tsakiyar kalma ya nemi numfashi. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma numfashin bai dawo daidai ba har yau. Ko da aka buɗe Sanaiya, kamfaninsu ya mayar da shi gadin wani wurin gini can arewa, hutunsa ya koma tsakiyar mako, nawa yana Juma'a. Sai mu yi wata biyu ba mu ga juna ba a cikin ƙasar da ba ta kai wata jihar tamu girma ba.

Da sanyin shekarar ya shigo, har lokacin babu baƙi, kafil ya ce in riƙa fita da babbar motar ina zagayawa kada batir ya mutu. Wata safiya na tsinci kaina a kan hanyar yamma. Na ajiye mota inda na saba barci, na ce bari dai in ga abin da na yi ta sayar wa dattijo. Babu kowa a wurin. Iska tana bi ta cikin kwazazzabon, mai sanyi, tana shiga hannun riga. Ƙasan tsakuwa ce da ɓawon dodon koɗi, duk takun da na yi sai ya dawo mini daga jikin dutse kamar wani yana biye da ni. Na waiwaya ya fi a ƙirga. A wata kwana na ga sawun barewa, ban ga barewar ba. Na yi sallama da ƙarfi, don kawai in ji, dutsen ya maido mini da rabinta.

Wurin yana da kyau, ba zan hana shi ba. Inuwa a gefe ɗaya, hasken rana a gefe ɗaya, sama ta zama siririya a bisa kai. Amma ina cikin tafiya sai wani abu ya dame ni: ban san inda zan juya ba. Duk tafiyar da na taɓa yi ba ta aiki ba, akwai wanda zai tsaya ya ce a koma haka nan. A nan babu. In na ci gaba, don me? In na juya, me ya sa nan ba can ba? Na tsaya a tsakiyar duwatsu kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Sai kunya ta kama ni, ga shi babu mai kallo, na juyo da sauri na koma mota. Da Baba ya kira da yamma ban gaya masa na je ba.

Sanyi na gaba ma ya wuce mu. In ina da mota, shi yana bakin aiki. In yana hutu, ni ina bayan sitiyari. Sai ga gasar cin kofin duniya da za a yi a Qatar ta matso, kuma Ghana ce ta hana Najeriya zuwa. Baba bai bar ni na sha ruwa ba. Ya kira ya ce, "Ɗan Najeriya, kada ka damu, za mu ajiye muku kujera ku zo kallo." Na ce in sun dawo gida a zagayen farko zan je tarbarsu da ruwan sanyi.

Gasar ta zo da sanyi, garin ya cika har ya tumbatsa. Ban taɓa ganin mutane haka ba, kuma ban taɓa jin ni kaɗai ne kamar lokacin ba. Tun asuba motata cike take da masu waƙa da ganguna da fenti a fuska, yare iri-iri, suna rungumar juna, suna miƙo mini waya in ɗauke su hoto. A korona babu kowa, mutum ya san dalilin kaɗaicinsa. A nan kuwa ga mutane har kan kafaɗata, amma ƙeyata kawai suka sani. An dawo da su Baba cikin gari suna tsaron shinge kusa da wata tashar jirgin ƙasa, a tsaye tun safe. Sau ɗaya na hango shi cikin riga mai ƙyalli, ya rame, yana nuna wa jama'a hanya. Na danna hon, ya ɗago, ya gane motar, ya ɗaga hannu. Na baya suka matsa mini, na wuce.

Ana gab da kammala gasar ya kira ni. Bai fara da tsokana ba, daga nan na san akwai magana. Ya ce kamfaninsu zai sallami yawancin masu gadi da zarar an tashi, kuma sunansa yana ciki. Ya ce shi ma ya gaji, ƙirjin ba ya ɗauka, jikoki sun girma ba su san fuskarsa ba. An riga an ba shi tikiti, ranar Talata da safe motar kamfani za ta kwashe su daga gida zuwa filin jirgi. Na yi masa murna da baki. Da na ajiye waya na zauna a bakin gado na daɗe, don na san Talatar nan akwai baƙin da zan kai tudun rairayi can kudu, tun kafin gari ya waye har dare.

Na sami kafil na roƙe shi ya ba wani direba aikin. Ya ce babu wani, duk an rarraba su. Na ce dattijo ne, ubana ne a ƙasar nan, a wurinmu ba a barin mutum ya yi tafiya irin wannan ba a raka shi ba. Ya ce ai motar kamfani za ta kai shi, me ya rage? Na rasa yadda zan fassara masa. Mutumin da ya yi shekaru yana taka mini zuwa tashar bas, a ce zai bar ƙasar gaba ɗaya ban taka masa ko zuwa bakin titi ba. Kafil ya ga fuskata, sannan ya ce, "Talata babu hali. Khalas, shi ke nan, ɗauki motar ranar Juma'a, ku je inda kuke so."

Na gaya wa Baba ya shirya, Juma'a za mu fita yawon buɗe ido. Laifina ne da ban yi masa bayanin shiri ba. Na isa ƙofar gidansu sai ga shi ya fito cikin farar shadda mai aiki a wuya, guga har tana ɗaukar ido, da hula, da takalmin fata mai santsi da ya saya don sauka Kumasi, turare kuwa tun daga nesa. Na kwashe da dariya na ce, "Baba, ɗaurin aure za mu ko hawan dutse?" Ya ce, "Kai ne ka ce wurin da manyan Turawa ke zuwa. In je musu da kayan gadi?" Ya dubi wandona da kambas ɗina ya girgiza kai, ya ce 'yan Najeriya sun lalace.

Muka yi Juma'a a wani masallaci a bakin hanya, muka isa rana ta ɗan karkata. Ya sauka, ya gyara hula, ya dubi duwatsun, ya dube ni.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ina wanda hula ke faɗuwa?"

"Yana ciki."

"Ɗan Najeriya, ka ji tsoron Allah. A hanyar Kumasi irin wannan ko tsayawa direba ba ya yi."

Amma ya shiga gaba, hannu a baya, kamar yadda yake tafiya a Sanaiya. Ba mu yi nisa ba takalmin fatar ya fara zamewa a kan tsakuwa. Da ya kusa faɗuwa karo na biyu na durƙusa na cire kambas ɗina na ce sai ya sa. Ya yi gardama, ya sa. Ni na zura nasa, ya matse ni kamar bashi. Haka muka ci gaba, dattijo cikin shadda da kambas, ni ina ɗingishi cikin takalmin ango. Duk Baturen da muka gamu da shi sai Baba ya tsaya ya gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Wata mata ta nemi ɗaukar hoto da shi, ya gyara tsayuwa kamar hakimi.

Tun ana raha har aka daina. Numfashinsa ya fara fita da ƙara, muna 'yar tafiya muna tsayawa. Na nuna masa sawun barewa, na zuba masa shayi daga fulas, ya riƙe kofin da hannu biyu saboda sanyi. A wurin da hanyar ta matse ya ɗaga kai ya kalli siririyar samar nan, ya daɗe, ya ce, "Ka yi ƙarya, amma ba duka ba." Sai na gaya masa gaskiya, cewa sau ɗaya na taɓa shigowa, ni kaɗai, kuma ban kai ƙarshe ba. Ya tambayi dalili. Na ce ban san inda ake juyawa ba. Bai yi dariya ba, ya ce, "Ai tafiyar mutum ɗaya haka take."

Muka yi la'asar a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, ya ja mu a zaune. Da muka ƙara gaba kaɗan, muka sha wata kwana inda wani dutse ya tsage biyu, sai ga bakin kwazazzabon can gaba, haske yana shigowa, da ɗan layin teku a bayansa. Ba shuɗi ba ne kamar yadda na faɗa, toka-toka ne. Baba ya dafa dutsen ya tsaya. Inuwa ta riga ta rufe ƙasan, iska ta ƙara sanyi. Ni da shi mun san ba zai iya komawa inda muka ajiye mota da ƙafa ba.

Ya ce, "Ka ce mota tana iya zagayowa can bakin?"

Na ce tana iya. Na ce mu ƙarasa tare in zaunar da shi, sannan in koma in ɗauko ta.

Ya ce, "In ka kai ni can da irin tafiyata, ka dawo, ka zagayo, duhu ya yi, sanyi ya gama da ni. Ga wurin ina gani. Zan lallaɓa. Kai juya daga nan."

Na ce ba zan bar shi shi kaɗai da wannan numfashin ba. Na ce ko goya shi ne sai in yi. Ya ce in goya shi cikin shaddar nan sai dai bayan ransa. Sannan ya saki dutsen, ya miƙe sosai, ya gyara hularsa, ya miƙo mini hannu kamar yadda ake yi a bakin tasha.

"Ɗana, ranar Talata kada ka sa komai a ranka. Ga ta nan ka yi. Ka rako ni, na gode, Allah ya ba da lada. Abin da na yi maka ka yafe mini."

Na ce bai yi mini komai ba sai alheri, ni ma ya yafe mini.

Ya ce, "Na yafe. Koma haka nan."

Duk shekarun nan ni nake faɗin wannan, shi yana ba da amsa. Yau sai muka musanya. Na ce, "Ka gaida gida, Baba." Ya ce za su ji.

Ya juya ya kama hanya a hankali, hannu a baya. Ban tafi ba. Na tsaya a gindin tsagaggen dutsen kamar yadda yake tsayawa a gindin turken lantarki, ina kallon farar shaddar tana ƙanƙancewa, yana tsayawa yana ci gaba, har ya shiga cikin hasken. Bai waiwayo ba sai a can bakin, ya ɗaga hannu ɗaya. Daga nan na juya. Na yi kuka a hanyar komawa, sosai, da murya, ina ɗingishi cikin takalminsa, dutse yana maido mini. Na san zan gan shi nan da ɗan lokaci, kuma na san mun riga mun rabu.

Na same shi zaune a bakin teku yana jan carbi. A mota ba mu ta da zancen ba, ƙwallo muka yi ta gardama a kai, yadda Ghana ta koma gida da wuri. A ƙofar gidansu muka musanya takalma. Na yunƙura zan fito in taka masa zuwa ciki, ya dafa ƙofar ya ce, "A'a. An gama." Ranar Talata ina can kudu ina hawa tudun rairayi da baƙi suna ihu, jirginsa ya tashi.

Yana Kumasi yanzu. Mukan yi waya, ina jin hayaniyar jikoki a bayansa, ba ya daɗewa saboda numfashi. Ni ina nan ɗakina na Madinat Khalifa. Na daina zuwa Sanaiya ranar Juma'a, don na gwada sau ɗaya, mai shayin nan ya tambaye ni ina tsohon, shayin ya ƙi shiga. Na san wasu Hausawa a garin yanzu, mutanen kirki, amma yara ne masu sauri. In ka miƙe za ka tafi, daga zaune suke ce maka sai an jima.

In sanyi ya shigo na kai baƙi kwazazzabo, ba na kwantar da kujera kuma. Nakan bar su su yi gaba, in bi bayansu a hankali. In na kai tsagaggen dutsen sai in tsaya in ɗan jima, sannan in juya. Kwanan baya wani Bature mai kirki da ke dawowa ya gan ni zan juya, ya riƙe hannuna yana nuna mini gaba, ya ce saura kaɗan, teku na nan, nan ne ya fi ko'ina kyau, kada in yi asara. Na gode masa. Na ce na sani, wanda na rako ya riga ya wuce.